Lissafin ɗaya cikin huɗu ba haka yake ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da shirinku na lafiya na daren Talata. Mai gabatarwa ya ce wai idan mai AS (wato mai ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon) ya auri mai AS, cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da sikila. Har sau biyu ya faɗa, ba wanda ya gyara masa. Washegari maƙwabciyata ta shigo tana murna, wai tunda na farinta ya ɗauka, sauran ukun sun tsira.

To ni ganau ce, ba jiyau ba. Haihuwata uku, biyu SS ne, wato masu sikila. Kowane ciki da nasa lissafin: uba ya ba da ƙwayar gado ɗaya, A ko S, uwa ta ba da ɗaya. In S biyu suka haɗu, ƙwayoyin jinin yaro sai su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Ciki bai san abin da ya sami na gabansa ba.

Ƙaramar tana wata takwas hannuwanta suka kumbura, ko taɓawa ba ta bari a yi. In hunturun Sakkwato ya kama, kwana nake zaune ina gasa mata ƙafafu da tsumma da ruwan ɗumi, idanunta sun yi rawaya, tana cewa Inna ƙashina. Dangin mijina suka ce iska ce. Gwajin jini ne ya wanke ni.

Me ya hana ku ambaci maganin hydroxyurea? Yana ƙara irin jinin da jariri ke fitowa da shi daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Tunda likita ya ɗora 'ya'yan nawa biyu a kai, kwanciyarmu asibiti ta ragu ƙwarai. Kun ɓata minti goma kan Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila ta amince da shi a 2023. Madalla da shi, amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Wa zai saya a Mabera? Ko dokar gwaji kafin aure da Kano ta yi a 2024 ba ku taɓo ba.

Ku kira likitan jini ya warware wannan magana a shiri mai zuwa.

Sannan don Allah mai karanta sanarwar rasuwa ya rage sauri. Ran Juma'a ban ji unguwa ba, ban ji lokacin jana'iza ba.

Mai sauraronku,
wata uwa daga Mabera, Sakkwato