Zancen Bokitin Nan

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Baba? A gaishe min da Inna sosai.

Na turo kuɗi ranar Litinin. Rabi na kwanon ɗakin Inna ne, a gyara kafin ruwa ya sauka, sauran kuma kuɗin makarantar Auta. Don Allah kada su bi ta hannun Kawu.

Labari ya iso ni cewa tun da aka ga hotona a Facebook riƙe da bokiti, ana ta yaɗawa a unguwa wai na watsar da karatu na koma sana'ar kwaɗi. Har an ce Inna ta yi kuka. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Ka zaunar da ita ka yi mata bayani. A nan Ingila, daga Fabrairu zuwa Maris, kwaɗi na fitowa da dare su nufi tafkin da aka ƙyanƙyashe su don yin ƙwai, sai motoci su bi ta kansu. Mu ne ke tsince su da tocila mu zuba a bokiti mu tsallakar da su titi, muna ƙirgawa muna rubutawa. A gefen garin Bath akwai titin Charlcombe da hukuma ke rufewa mako shida duk shekara saboda su. Binciken ƙungiyar Froglife mai kare kwaɗi na 2016 ya nuna irin wannan kwaɗon ya ragu da kashi 68 cikin 100 a shekara 30. Ƙirgar nan da muke yi ita ce tushen digirina, Yaya. Halittar da ke cinye ƙwarin gona tana ƙarewa, ai dole wani ya tsaya mata.

Ina kuma zagaya makarantun firamare da 'ya'yan kwaɗi a kwalba. Yara kan yi layi su yi ta tambaya, har Malam suke ce min da na koya musu. Sai in tuna Auta ba ta taɓa samun mai nuna mata irin wannan ba, ni kuma ina nan ina koyar da 'ya'yan wasu.

Sanyi dai da sauƙi, na samu riga mai kauri. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Kwanon nan fa, a sa shi a makon nan, ka turo min hoto. Kawu in ya tambaya, ka ce ya kira ni. Idan damina ta kankama, ka ba Auta wayarka ta naɗo min kukan kwaɗin fadamar bayan gida, ina so ɗalibaina su ji namu.

Ƙaninka.