Wasiƙa kan sautin jita mai cizo

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Kiɗan pank, wato rok mai zafi da sauri, da ka naɗa da jitar lantarki ka turo min ta WhatsApp na saurare shi har sau uku. Hannunka ya faɗa, babu shakka, sai dai jitar tana zuga kamar ƙudan zuma, kuma da ganguna suka shigo sai ta ɓace ɓat. Tun sauraren farko na gane ciwon, domin na shekara ina fama da shi.

A jikin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ka murɗa geyin, maɓallin da ke sa sauti cizo, har ƙarshe, ka danne mid, wato matsakaicin sauti, ko ba haka ba? Mayar da geyin biyar ko shida, ka ɗaga mid ya wuce rabi. Bes kuwa, wato sautin ƙasa mai kauri, sassauta shi, ai akwai mai jitar bes, aikinsa ne. Cikin fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ka tsaya kan wanda ke daf da gada, inda tsirkiya ke zama a jikin jita, shi ke da kaifi. Kai kaɗai a ɗaki za ka ji kamar sautin ya rame. Daure har mai ganga ya shigo, sannan ka yanke hukunci.

Amma ainihin fushin pank a hannun dama yake. Johnny Ramone, na ƙungiyar Ramones da aka kafa a New York a 1974, jitar Mosrite yake riƙewa da amfilifaya Marshall, kuma ƙasa kawai yake kaɗawa, ba ya kaɗowa sama. Shi ya sa kowane bugu ke sauka da nauyi ɗaya, kamar taɓarya a turmi. Ranar da na fara gwadawa, ban kai minti biyu ba dantsena ya ƙage, fik ɗin, ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, ya suɓuce saboda gumi. Daga baya na gane da gwiwar hannu nake aikin, alhali wuyan hannu ya kamata ya ɗauki nauyin. Fara a hankali, minti goma kullum, sauri zai zo. Ni fik mai kaurin milimita ɗaya ya fi yi min.

Tsirkiya biyu ko uku kawai za ka danna, sauran ka kwantar da manuniya a kansu su yi shiru. Sai ka ɗora gefen tafin hannunka kan tsirkiya kusa da gada lokacin baiti, in amshi ya zo ka ɗaga. Wannan buɗewar ita ke tayar min da tsikar jiki har yau.

In za ka sake naɗa, kaɗa waƙar sau biyu, ɗaya kunnen hagu, ɗaya dama. Kada ka kwafi guda, ba zai yi kauri ba. Makirfo Shure SM57 a bakin lasifika, ɗan gefe da tsakiya, ya wadatar.

Ina jiran sabon naɗin kafin Juma'a. Ka gaishe min da Umma da yara.

Naka,
abokinka na kullum