Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Allurar Dajin Furostet

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan dattawan da ake yi wa allurar sauke sinadarin mazantaka saboda dajin furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ni ma'aikacin jinya ne. Maganin yana aiki, na shaida. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tsira wa mutum allura a sallame shi, babu bayani, babu bibiya.

Tun 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges suka nuna cewa da testosteron, wato sinadarin mazantaka, wannan daji yake haɓaka, in aka yanke masa shi sai ya lafa, aikin da ya kai Huggins ga kyautar Nobel a 1966. Allurai irin su goserelin da leuprolide da triptorelin, masu aikin wata 1 ko 3 ko 6, duk a kan wannan suka ginu. Wanda ciwon ƙashi ya hana barci yakan samu sa'ida, awon PSA, gwajin jinin da ake bin dajin da shi, ya sauko.

Sai dai allurar farko tana da halin da ba kowa ake faɗa wa ba. Kafin ta sauke testosteron, sai ta ɗaga shi tukuna na mako 1 zuwa 2. Idan dajin ya riga ya kai ƙashin baya, wannan tashin na iya matse laka ko ya toshe fitsari. Mutum ya zo da ƙafarsa ranar allura, bayan 'yan kwanaki 'ya'yansa su turo shi a keke, yana cewa baya ya riƙe, ƙafafu sun yi nauyi, fitsari ya ƙi fita. Sau da yawa sun kwana biyu suna shafa masa man zafi a gida, domin ba wanda ya gaya musu cewa alamar a garzaya asibiti ce a daren. Alhali rigakafin sananne ne: a fara ba shi ƙwayar bicalutamide kafin allurar, a ci gaba na 'yan makonni, ko a zaɓi degarelix wadda ba ta wannan tashin. Ina roƙon ka sa wannan ya zama rubutacciyar ƙa'ida a duk inda ake allurar.

Akwai kuma illar da ke zuwa a hankali. A 2010 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa a ƙara gargaɗi a jikin waɗannan allurai kan ciwon suga da cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tsoka na zubewa, tumbi na fitowa, ƙashi na rage ƙwari har faɗuwa kaɗan ta karya ƙugu. Mafi yawan masu ciwon nan shekarunsu sun ja, wasu dama suna fama da hawan jini. Amma duba katinsu, PSA kawai za ka gani an jera. Awon jini da suga da kitsen jini kafin a fara, da maimaitawa lokaci-lokaci, ba abu ne da ya gagari asibiti ba. Haka awon ƙwarin ƙashi inda da na'urar, da kalsiyam da bitamin D, da shawarar tafiya da motsa jiki. Wanda za a ba zoledronic acid ko denosumab don ƙashi, likitan haƙori ya fara duba shi.

Sababbin ƙwayoyin ma suna da sharuɗɗa. Abiraterone ba a shan ta da abinci, domin abinci na ninka adadin da ke shiga jini. Ana haɗa ta da prednisone, ana duba hanta da potasiyam da hawan jini, kuma mai juna biyu ba ta taɓa ta da hannu tsirara. Enzalutamide na iya tayar da farfaɗiya ga wasu, tana kuma rage ƙarfin magunguna da dama. Duk wannan aikin mai harhaɗa magani ne, in an ba shi horo da lokacin zama da mara lafiya.

Batun da aka fi yi wa nauyin baki shi ne na shimfiɗa. Sha'awa takan mutu, gaba ya daina tashi, nono ya kumbura, zufa ta keto wa mutum tsakar dare, wani ya shiga ƙunci ba gaira ba dalili. Dattijo ba zai faɗa wa likita sa'ar jikarsa wannan ba. Shiru zai yi, ya ƙi dawowa allura ta gaba, ko ya nemi maganin ƙarfin maza a ɓoye, wanda in akwai testosteron a ciki, dajin yake ciyarwa. A zaunar da shi tun farko, da matarsa in ya amince, a faɗa masa gaskiya cikin mutunci. A sanar da shi kuma cewa akwai tiyatar cire 'ya'yan maraina a madadin allurar, sau ɗaya ake yi, ya zaɓa da saninsa.

Ranka ya daɗe, yankewar magani ma haɗari ce. Akwai lokacin da likita kan ba da hutu da gangan yana bin PSA, wannan daban. Amma allura ta ƙare a ma'aji, a ce wa mutum ya dawo wani watan, testosteron ya sake hawa ba mai lura, wannan sakaci ne da ofishinka zai iya magancewa. A sa allurar cikin magungunan da ba a bari su yanke, a ajiye kowace a yanayin da kamfaninta ya tsara, a horar da masu haɗa ta da masu yin ta. A kuma ba kowane mara lafiya kati da harshen da yake ji, ɗauke da ranar allurarsa ta gaba da alamomin da za su sa a kawo shi asibiti nan take.

Na gode, Allah ya taimaki Minista.

Naka,
Ma'aikacin jinya a sashen masu ciwon daji