Wasiƙar godiya ga Henrik Rydgård da masu aikin PPSSPP

Zuwa ga Malam Henrik Rydgård, da duk wanda ya taɓa sa hannu a aikin PPSSPP,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Yaya sanyin Suwidin? Mu ma nan Zariya hunturu ya shigo, ko da yake na san namu sanyin wasan yara ne a wajenku.

Da Hausa na rubuto, kuma da gangan na yi. Yara da samari bila adadin a garuruwanmu suna buga ƙwallo kullum a manhajarku ta PPSSPP, wadda ke kunna wasannin PSP, ƙaramar na'urar gem ta kamfanin Sony, a waya ko a kwamfuta, amma in ka tambaye su wa ya yi ta sai su ce ai a kasuwa aka tura musu. Ina so su ji cewa akwai mutane a bayan abin nan, masu suna da gari, kuma wani daga cikinmu ya ce musu an gode.

Yayana, Allah Ya jiƙansa, ya sayi PSP na hannu a Kano a 2010. Lokacin ina aji uku a sakandare, aikina kawai in riƙe masa caja in jira ya gaji ya ba ni ɗani. Ba ya gajiya. Faifansa guda huɗu ne, irin ƙananan nan na UMD da ke cikin gidan roba, amma ɗaya ne ya sha wahala, wato gem ɗin ƙwallo na PES 2012. Ya rasu a 2013 bayan gajeriyar jinya, Inna ta tattara kayansa ta rufe a akwati, babu wanda ya iya buɗe baki ya tambaye ta. Sai bara, da za mu gyara rufin ɗakinta, ta miƙo min na'urar a cikin tsohon hularsa ta ce, “Ungo, kai ne abokin faɗansa a kan wannan.”

Batirin da ke ciki, wanda dama ba na asali ba ne, ya kumbura har ya ture murfin baya. Na kai wa mai gyara, ya buɗe, ya nuna min tsatsar da damina goma ta bari, ya ce in yi haƙuri. Abu ɗaya ne ya tsira: ɗan katin ajiya, Memory Stick, da ke gefe.

Wani ƙanin abokina da ke karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ne ya ce min kada in jefar da komai. Yana da PSP mai aiki, da ita ya kwashe abin da ke cikin faifan Yaya ya mayar da shi fayil ɗin ISO. Sannan ya sa katin a laftof ɗina, ya kwafi foldar da ake kira SAVEDATA, ya ajiye ta a inda PPSSPP ke neman irinta. Iyakar aikin ke nan, bai kai minti ashirin ba. Ya kunna, ya ce in danna.

Malam Henrik, ƙungiyar Yaya ce ta fito. Sunan unguwarmu ya sa mata. 'Yan wasan duk ya canza musu suna zuwa na abokansa na majalisa, wasu yanzu suna da furfura, ɗaya ma ya bi shi. Mai tsaron gida kuwa sunan tsokanar da yake kirana da shi ne a jikinsa, don a filin unguwa ni ne ragar da kowa ke ci. Ban taɓa sanin ya yi haka ba. Ga ranar da ya yi ajiya ta ƙarshe a rubuce, cikin watan azumin shekarar da ya rasu, kakar wasa ta kai tsakiya, ana jiran wasa na gaba. Yaron nan da ya taimake ni ya ga yanayina, sai ya ce bari ya je ya sayo ruwa, ya daɗe bai dawo ba. Yana da hankali.

Daga baya na zauna na karanta yadda abin yake, don ni malamin lissafi ne, ba na son in ci tuwo ban san wa ya tuƙa ba. Sony ta fitar da PSP a Japan a Disamban 2004, ta sayar da sama da miliyan 80, ta daina fitar da ita a 2014. Ƙwaƙwalwarta irin ta MIPS ce, gudunta bai wuce megahaz 333 ba, kuma yarenta daban yake da na laftof ɗina da na wayoyinmu. Abin da manhajarku ke yi shi ne tafinta: tana karɓar umarnin da aka rubuta don waccan ƙwaƙwalwar, tana juya shi zuwa yaren wannan nan take, wasa na tafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku ɗauko tsarin Sony kun liƙa ba. Kun bi ayyukansa ɗaya bayan ɗaya kun sake rubuta naku, har gem ya ɗauka a gidansa yake. Shi ya sa ba a buƙatar wani fayil na cikin na'urar kafin a fara. Wanda ya taɓa bin lissafin ɗalibi layi-layi yana neman inda ya kauce zai ɗan hango irin haƙurin da wannan ke ci. Kuma a cikin wannan haƙurin ne wani ya zauna ya tabbatar cewa ajiyar da PSP ta gaske ta rubuta, a kulle kamar yadda take rubutawa, za ta buɗu a wajenku. Ko wane ne shi, shi ya dawo min da ƙungiyar Yaya.

Na ga kuma ba yau kuka fara ba. Kuna cikin waɗanda suka assasa Dolphin a 2003, manhajar da ke kwaikwayon na'urar gem ta GameCube, kafin ku fito da PPSSPP a Nuwamban 2012. Lokacin Yaya yana raye, yana buga kakar nan tasa, bai san wani a can arewacin Turai ya fara gina inda za ta koma ba.

Sai batun kyauta. Rubutun manhajar gaba ɗaya yana buɗe a GitHub ƙarƙashin lasisin GPL: kowa ya ɗauka, ya duba, ya gyara, ya raba, da sharaɗin shi ma ya bar nasa a buɗe. A wajenmu wannan shi ne mutum ya haƙa rijiya a bakin hanya ya bar guga da igiya, ya ce wanda ya ƙara zurfi kada ya sa ƙofa. Ba talla, ba rajista, ba a ce sai da intanet ba. Mai alamar zinare da kuke sayarwa ma ba ta fi ta kyauta mai shuɗiyar alama da komai ba, hanya ce kawai ta wanda ke son ya taimaka. Na saya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kunya ce ta sa.

Akwai abin da na tabbata ba don mu kuka yi shi ba, amma kamar da mu aka auna. Batirin laftof ɗina ya mutu tuntuni, da an ɗauke wuta take ɗif. Damar nan ta adana wasa a kowane daƙiƙa, ko ana tsakiyar bugun kwana, ta raba ni da takaici mai yawa. Hoton ma da aka yi don ɗan gilashi mai ɗigo 480 a 272, na ninka shi sau uku, har lambar rigar mai tsaron gida ina gani tar.

Ba zan ɓoye muku ba, ba komai ne ke tafiya sumul ba. God of War, ɗaya daga faifan huɗun, yana sa tsohuwar laftof ɗina haki, sauti ya riƙa kakkaryewa sai na rage hoton. Wannan laifin jakina ne, ba na kaya ba. Buga ƙwallo da maɓallan kan gilashin waya kuwa azaba ce, ban san yadda yaran nan suke yi ba, ni sai da na sayi hannun gem.

'Yan'uwana masu karatu, ku kuma ga tawa. PPSSPP ba ta zuwa da gem ko ɗaya, kuma ba a sayar da shuɗiyar. In mai tura kaya a kasuwa ya karɓi kuɗinka, ladan turawa ya karɓa, kada ya ce maka shi ya sayo ta. Waɗancan da ake yaɗawa da sunan an “buɗe” ta zinare, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, alhali ta gaskiyar tana nan a shafinsu da Play Store, har da App Store tun 2024. Batun inda ake samo gem ɗin kansa, kowa ya san abin da ake yi, ni dai faifan gidanmu na juye, kuma hankalina ya fi kwanciya da haka.

Na lura kalmomin manhajar suna cikin fayil na rubutu zalla, kowane harshe da nasa. Na fara juya su zuwa Hausa a kwamfutata saboda ɗana mai shekara bakwai. Na maƙale a wasu, musamman na ɓangaren hoto, amma in na gama zan turo muku ku duba.

Foldar Yaya na kwafe ta wuri uku, ta asalin ba na taɓa ta. A kan kwafi muke ci gaba da kakar, wasa ɗaya duk Juma'a bayan la'asar, ni da yaron. Inna takan zauna a bayanmu, ba ta gane komai a ƙwallo, sunayen kawai take so a karanta mata. Makon jiya an ci mai tsaron gida uku, ta ce dama can haka yake.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira, Ya ba ku lafiyar ci gaba.

Naku,
Wani malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya.