A gyara bayanin da aka yi kan waƙar Iliyad

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A shirinku na adabin duniya an ce labarin dokin katako da aka ci birnin Taroy da shi yana cikin Iliyad, waƙar Homa ta tsohuwar Girka. Ba ya ciki. Waƙar kashi 24 ce, ɗango sama da 15,000, amma makonni kaɗan kawai ta ɗauko daga shekara ta goma ta yaƙin da Girkawa suka yi da Taroy, ta kuma ƙare da jana'izar Hekta, babban jarumin Taroy, birnin yana nan daram. Ko mutuwar Akilis, jarumin Girkawa da ya kashe Hekta, ba a nuna ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cewar da mai gabatarwa ya yi maimaicin da ke cikinta rauni ne. Ai gadonta ne na waƙar baka. Kowane ɗango ƙafa shida ne a ma'aunin karin waƙa, mawaƙin kuma da ka yake tsarawa a gaban jama'a, ba alƙalami ba takarda. Don haka kowane jarumi yana da kirari iri-iri, wani gajere wani dogo, gwargwadon gurbin da ya rage a ɗango. Shi ya sa za ka ji "Akilis mai saurin ƙafa" ko da yana zaune a tanti yana fushi. Karin waƙa ne ya nemi haka. Wanda ya saba jin makaɗan fada suna jero kirarin sarki ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Milman Parry na jami'ar Harvard ne ya tabbatar da wannan. Tsakanin 1933 da 1935 ya je Yugoslabiya da na'urar ɗaukar murya, ya naɗi mawaƙan baka waɗanda ba su iya karatu ba. Ɗaya daga cikinsu, Avdo Međedović, ya rera waƙa mai ɗango fiye da 12,000 da irin wannan dabara. Daga nan masana suka sauya yadda suke nazarin waƙar baka a ko'ina.

In za ku karanto wani yanki a rediyo, ku ɗauki kashi na 24, inda tsohon sarki Firiyam na Taroy ya sumbaci hannun Akilis, wanda ya kashe ɗansa Hekta, yana roƙon gawa. Kada a yanke kirarin don rage lokaci, domin da shi mai sauraro ke gane wanda ake magana a kansa. Mai jin Larabci kuwa ya nemi fassarar Sulaiman al-Bustani da aka buga a Alƙahira a 1904.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya