Masu rubuta jagorar Coq da Lean, ku riƙa nuna inda tarkon yake

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da masu rubuta wa ɗalibai jagorar manhajojin nan da ke duba hujjar lissafi, irin su Coq (da aka sauya wa suna zuwa Rocq a 2025), Lean da Isabelle. Ba kayan wasa ba ne fa, da Coq masanin kwamfuta Georges Gonthier ya tabbatar da ka'idar launuka huɗu (wadda ta ce launi huɗu sun isa a shafa wa kowace taswira ba tare da yankuna biyu masu iyaka da juna sun yi launi ɗaya ba) a 2005.

Maganata a kan ma'anoni masu jingina da juna ce. Misali, sifili cika ne, lamba cika ce in wadda ta gabace ta mara ce, mara ce in wadda ta gabace ta cika ce. Kowanne na kiran ɗan'uwansa, in ka rubuta ɗaya shi kaɗai sai kwamfuta ta ce ita ba ta san ɗayan ba, dole a haɗa su a shigar lokaci guda. A Coq da kalmar with ake haɗawa, Lean yana so ka zuba su tsakanin mutual da end, Isabelle kuma and yake amfani da ita. Wannan kam duk jagora tana faɗa, layi biyu an wuce.

To amma wahalar ba nan take ba wallahi. Ɗauki bishiya da kurmi, wato wani tsarin ajiye bayanai a kwamfuta, bishiya na ɗauke da kurmin rassa, kurmi kuma tarin bishiyoyi ne, Coq zai karɓa lafiya lau ba gardama, yaro ya yi ta murna, sai ya zo kafa hujja hawa-hawa (wato a tabbatar da abu a kan ƙananan sassa, daga nan a hau zuwa babba) ya tarar ka'idar hawa-hawan da Coq ya ƙera masa da kansa ba ta ba shi komai a kan kurmin da ke cikin bishiyar, ya kwana yana zargin kansa alhali umarni ɗaya ne ya rage, Scheme, shi ke ƙera ka'idar da ta game su biyun. Bayanin yana nan a littafin Coq, amma wanda bai taɓa jin sunan ba ta ina zai nemo shi?

Roƙona ga malamai da masu rubuta darasi, a shafin da kuka nuna with ɗin nan ku sa cikakken misali, ku nuna hujjar tana maƙalewa, sannan ku kawo Scheme a wurin nan take, kar a ce sai babi na gaba.

Na gode,
Wani malamin kwamfuta