Ɗalibin digirin digirgir da ke tunanin ajiye karatu

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ɗaliban digirin digirgir a fannonin kimiyya suke kwana da shi su tashi da shi, amma ba kasafai suke furta shi ba, wato tunanin ko su ci gaba da karatun ko su ajiye shi su kama wata hanya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a 'yan watannin nan ɗalibai biyu sun same ni, kowannensu a keɓe, kowannensu yana rage murya kamar mai shirin amsa laifi, suka ce mini sun gaji kuma ba su san ko za su iya kaiwa ƙarshe ba. Ni kuwa na gane wannan muryar tun kafin su gama magana, domin da irinta na taɓa yin magana a shekarata ta uku.

Abu na farko da na faɗa musu shi ne ba su kaɗai ba ne, kuma ban faɗi haka don lallashi kawai ba. Wani dogon nazari da majalisar makarantun gaba da digiri na farko ta Amurka ta wallafa a 2008 ya nuna cewa kusan kashi 57 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka fara digirin digirgir suka kammala shi cikin shekara goma. Waɗannan kuwa mutane ne da aka tace aka zaɓa, masu sakamako mai kyau tun daga digirinsu na farko, saboda haka ba za a ce rashin ƙwaƙwalwa ne ya tsayar da sauran ba. A 2017 wasu masu bincike a Beljiyam suka gano cewa kusan ɗaya cikin uku na ɗaliban da suka yi nazari a kansu yana cikin haɗarin kamuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa. Mujallar Nature ma ta ji ta bakin ɗalibai sama da 6,000 daga sassan duniya a 2019, inda kashi 36 cikin 100 suka ce sun taɓa neman taimako saboda fargaba ko damuwar da karatun ya jawo musu. Abin lura shi ne, a wannan binciken dai kusan kashi uku cikin huɗu sun ce sun gamsu da shawarar da suka yanke ta shiga karatun. Ke nan mutum zai iya shan wuya sosai alhali yana kan hanyar da ta dace da shi, kuma wuyar ita kaɗai ba ta isa ta zama hujjar tafiya ko ta zama ba.

Wuyar tana da asali a cikin aikin kansa. Tun daga firamare har zuwa digiri na biyu, duk tambayar da aka yi wa ɗalibi akwai wanda ya san amsarta, kuma idan ya yi ƙoƙari za a ba shi maki ya ga sakamakon guminsa a ƙarshen zango. A digirin digirgir ana miƙa masa tambayar da babu wanda ya san amsarta a duk duniya, har da malamin da ke duba aikinsa, kuma babu tabbacin cewa hanyar da aka zaɓa za ta kai ga amsar. Gwaji ya ƙi yin aiki shi ne abin da aka saba gani a ɗakin gwaje-gwaje, nasara kuwa baƙuwa ce da take leƙowa jifa-jifa. Ɗalibin da ya saba zama na ɗaya a aji, idan ya yi wata shida yana maimaita gwaji guda ba tare da ya ga komai ba, sai ya fara zargin kansa, ya ɗauka cewa kuskure aka yi aka ɗauke shi, kuma nan ba da jimawa ba asirinsa zai tonu.

Ni aikina a lokacin shi ne ware wani sinadarin furotin daga jikin wasu ƙwayoyin bakteriya domin a gane yadda yake aiki. Na shafe wata goma sha huɗu ina tara samfura a cikin 'yan ƙananan kwalabe, ina ajiye su a na'urar daskarewa wadda dole ta zauna a kan digiri 80 ƙasa da sifili. Wata Litinin da safe na shiga ɗakin na tarar da ruwa kwance a ƙasan na'urar, ma'aunin da ke jikin ƙofarta yana nuna digiri 6 sama da sifili. Ta lalace tun daren Juma'a, ƙararrawarta kuma ba ta buga ba. Na buɗe akwatina na ɗaga kwalba ɗaya zuwa ga haske, na ga abin da ya kamata ya zama ƙanƙara yana motsi kamar ruwan wanki. A wannan lokacin kuma babin farko na kundina ya yi wata biyar a kan teburin malamina bai buɗe shi ba. A daren na rubuta takardar janyewa daga karatu, na sa hannu, na ninke ta na saka a cikin littafin da nake rubuta bayanan gwaji.

Wanda ya hana ni miƙa ta wani dattijo ne mai kula da na'urorin ɗakin, wanda ya ga shigar ɗalibai da fitarsu na shekaru masu yawa. Bai ce mini in yi haƙuri ba, kuma na gode masa da bai faɗa ba, domin na riga na ƙoshi da jin wannan kalmar. Tambayata ya yi cewa, da a ce gobe wasu masu bincike a wata ƙasa za su wallafa amsar tambayar da nake nema, shin zan yi gaggawar neman maƙalar in karanta, ko kuwa ajiyar zuciya zan yi in ce Allah ya raba ni da wahala? Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na ce masa zan ji haushi ƙwarai, amma ba zan iya barci ba sai na karanta ta har ƙarshe. Ya ce to ashe ba binciken ne ya ishe ni ba, na'ura ce ta lalace, kuma malami ne ba ya karanta aikina, waɗannan kuwa duka suna da magani.

Wata abokiyar karatuna, wadda ta fi ni iya aikin hannu nesa ba kusa ba, ya yi mata irin wannan tambayar bayan 'yan watanni. Ta ce masa ko an kawo mata amsar har gida ba za ta buɗe ba, domin ta daɗe da daina damuwa da ita. Gwaje-gwajenta suna tafiya daidai, malaminta mutumin kirki ne, amma ta gano cewa abin da take so shi ne aikin da zai ƙare da yamma ta ga amfaninsa, ba tambayar da za ta ci shekara biyar ba. Ta fita da digiri na biyu, ta kama aikin tantance ingancin magunguna, kuma har yau ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba. A ganina shawararta daidai take kamar yadda tawa take daidai, kuma da ta biye wa masu ce mata ta daure, da ta ƙara shekara uku tana aikin da zuciyarta ta riga ta bari.

Maganar malami mai duba aiki tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke kuskuren fahimtar ciwonsu. Babu wani mataki na karatu da makomar mutum take rataye a wuyan mutum ɗaya kamar wannan. Shi ne yake amincewa da batun bincike, sau da yawa kuɗin aikin daga tallafin da ya samo suke fitowa, shi ne zai ce kundi ya isa a kare shi, kuma wasiƙar shaidarsa ce za ta bi ɗalibi zuwa wurin neman aiki. Idan aka haɗu da malamin da ba ya samuwa, ko mai wulaƙanta ɗalibi a gaban jama'a, ko wanda yake sauya alƙiblar aikin duk bayan wata uku, ɗalibi yakan ɗauka kimiyyar ce ya tsana, alhali zaman da yake yi da mutum ɗaya ne ya gagara. Galibin jami'o'i suna da ƙa'idar sauya malami ko ƙara masa na biyu, kuma akwai jami'in da ke kula da karatun gaba da digiri wanda sauraron irin wannan koke yana cikin aikinsa. Ɗalibai suna jin tsoron bin wannan hanya, kuma tsoron yana da dalili, tunda malamai abokan aikin juna ne. Duk da haka, wanda ya riga ya rubuta takardar janyewa babu abin da ya rage masa da zai yi asara idan ya gwada. Ni malami na biyu aka ƙara mini, kuma cikin mako uku babina ya dawo da jan biro a kowane shafi.

Hujjar da na fi jin ɗalibai suna kafawa wajen zama ita ce sun riga sun yi nisa, shekara uku ko huɗu ba za su tafi a banza ba. Wannan hujja tana da daɗin ji amma ba ta da ƙarfi. Masana tattalin arziki suna kawo misalin jirgin saman fasinja na Concorde, wanda gwamnatocin Birtaniya da Faransa suka ci gaba da zuba wa kuɗi bayan ta bayyana cewa ba zai mayar da abin da aka kashe ba, saboda kawai an riga an kashe da yawa; guda 20 kacal aka ƙera, aka kuma daina amfani da shi a 2003. Shekarun da suka wuce sun wuce ko an zauna ko an tafi, kuma ƙwarewar da aka samu a cikinsu, ta tsara gwaji da nazarin alƙaluma da rubutu, ba ta bin takardar shaida ta tsaya a jami'a. Lissafin da ya dace shi ne na abin da ke gaba. Wanda ya rage masa wata takwas na rubutu, bayanansa suna hannu, ina ba shi shawarar ya cije ya ƙarasa ko da ya san ba zai sake shiga ɗakin gwaji ba. Wanda kuwa yake shekara ta huɗu amma babu wanda zai iya gaya masa abin da ya rage da lokacin da zai ɗauka, ya kamata ya nemi a rubuta masa wannan a takarda kafin ya ƙara ko da zango ɗaya.

Sai kuma a tambayi ƙofar da digirin zai buɗe. Wani rahoton ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a 2010 ya ƙiyasta cewa a Birtaniya, cikin masu digirin digirgir a kimiyya, waɗanda suke kaiwa matsayin farfesa ba su kai ɗaya cikin 200 ba, kuma mafi yawansu a wajen jami'a suke ƙarewa. Mai burin jagorantar bincike, a jami'a ko a kamfanin haɗa magunguna, da wuya ya kai can ba tare da wannan digiri ba. Ayyuka da yawa da masu ilimin kimiyya suke yi kuwa ba sa neman sa.

Kowane ɓangare yana da sunayen da yake kafa hujja da su. Masu cewa a daure za su ambaci Jocelyn Bell Burnell, wadda tana ɗalibar digirin digirgir a jami'ar Cambridge a 1967 take bin kusan mita 30 na takardar da na'urar binciken sararin samaniya take zana bayanai a kai da ido a kullum, har ta lura da wani ɗan tabo da ya zama gano wani sabon nau'in taurari. Masu cewa a tafi za su ambaci Larry Page da Sergey Brin da suka jingine nasu karatun a jami'ar Stanford suka kafa Google a 1998. Ni labarin Gertrude Elion ya fi yi mini amfani. Tana aiki da rana tana karatun digirin da yamma a New York, sai aka ce mata dole ta bar aikin ta koma karatu gaba ɗaya. Ta duba ta ga binciken da take so yana wurin aikin, sai ta ajiye karatun. A 1988 ta samu lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, bayan ta taka rawa wajen samar da magungunan sankarar jini da na hana jiki ƙin karɓar ƙodar da aka dasa. Ba ina nufin duk wanda ya tafi zai zama kamarta ba, domin waɗanda suka yi fice kaɗai ake ba da labarinsu a kowane ɓangare. Abin da na ɗauka daga gare ta shi ne ta san takamaiman abin da take zaɓa a ranar da ta bar ɗayan.

Wanda ya yanke shawarar tafiya ya tuna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fara bincikar ko jami'arsa tana ba da damar jingine karatu na wasu watanni, domin gajiya da rashin lafiya suna sa mutum ya ga kowace hanya a toshe, kuma shawarar da aka yanke a makon da gwaji ya rushe ba abin dogaro ba ce. Ya karanta sharuɗɗan tallafin da yake karɓa, tunda wasu masu ɗaukar nauyi suna neman a mayar musu da kuɗi, wanda yake karatu a wata ƙasa kuma ya san cewa izinin zamansa yana ɗaure da rajistarsa. Ya tambayi ko aikin da ya yi ya isa a ba shi digiri na biyu, ya miƙa littattafan gwajinsa cikin tsari, ya kuma daidaita da malaminsa a kan sa sunansa a duk maƙalar da za ta fito daga bayanansa. Iyaye da 'yan'uwa da suka fara kiransa Dakta tun shekarar farko su ma su sassauta, domin na ga ɗaliban da kunyar gida ce kaɗai ta riƙe su.

Ɗalibaina biyun nan na yi musu tambayar dattijon. Na farkon ya ce zai karanta maƙalar, saboda haka muka zauna muka rage batun bincikensa zuwa abin da za a iya gamawa da na'urorin da ke hannu, muka sa wata shida mu sake dubawa. Ta biyun ta ce ba ta san amsarta ba tukuna. Na ba ta kundin ƙa'idojin jami'a na nuna mata shafin da ya yi bayanin jingine karatu, kuma ta cike takardar neman hutun zango ɗaya.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani malamin kimiyyar sinadaran halitta